Ruwan Zafi a Kan Batir

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa a bayan gonakin Baure lokacin da aka turo motar Lawal zuwa ƙofar gida. Tsohuwar mota ce, da ita yake jigilar 'yan kasuwa zuwa garuruwan Babban Mutum da Daura, kuma daga cikinta gidan yake ci. Da ya ɗaga murfin inji sai ya ga farin gari ya taru a kan batir. Kowane direba ya san maganin wannan: ruwan zafi. Ya ƙwala wa matarsa Shatu kira ta kawo ruwan tuwon da ke tafasa.

Shatu ta tsaya a zaure da tukunya a hannu. Ta ce, "Malam, magariba fa ta yi. Ka bari sai da safe mana."

Lawal mutum ne da kalmar bari take masa ɗaci. Ya karɓi tukunyar ya sheƙa, ko bisimilla bai yi ba. Ruwan ya wanke gubar batir, ya gangara ƙasa, ya bi gindin katanga yana tururi. A nan wani abu ya yi ƙara siririya, irin ta ɗan akuyar da aka taka. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan darbejiya suka yi tsit. Lawal ya ce mage ce. Shatu ta ɗauki tukunyarta ta shige.

Motar ta tashi a yammacin nan. Da safe batir ya mutu murus.

Haka ya zama kullum. Sabiru mai gyaran wutar mota ya gwada na'urar caji, ya ga lafiyarta ƙalau. Aka sa sabon batir, shi ma ya kwana ya mutu. Sabiru ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya gaji, ya goge hannunsa a riga ya ce, "Wani abu na shan wutar nan idan ka ajiye ta. Ni dai ban gan shi ba. Ka riƙa cire kan batir da yamma."

Lawal ya cire. Da safe ya tarar an mayar da shi, an ɗaure tam, ɗaurin da ya fi nasa kyau.

Daga nan jifa ya fara. Da an kira magariba sai duwatsu su riƙa sauka a kan kwano, ɗaya, shiru, ɗaya, kamar mai jifan ba ya sauri. Bayansu sai kukan jariri daga wajen katanga, kukan da ya gaji da kansa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗaukar wuta. Fasinjoji suka koma wasu motocin, don ba mai son fara tafiya da turi.

Wata yamma 'yarsu Zinariya, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, ta fita shigo da awaki. Ta dawo babu awakin. Ta ce, "Baba, fitilar cikin motarka a kunne take. Akwai wata mata a baya tana rarrashin ɗa." Tana rufe baki ta zube.

Tun daga ranar Zinariya ba ta ƙara zama Zinariya ba. Ta daina ci. Takan zauna a kusurwar ɗaki tana jijjiga hannuwanta babu komai a cikinsu, jikinta zafi kamar garwashi. Shatu ta yi kuka har muryarta ta dishe. Lawal kuwa, mai gardama da kowa, tsoro ya kama shi, irin tsoron da ke hana mutum haɗa ido da matarsa.

Daga Daura aka ɗauko Malam Zakiyyu, dattijo mai sanyin magana wanda ya daɗe yana yi wa masu irin wannan larura karatu. Ya zauna a tabarma bayan la'asar ya fara, bai ɗaga murya ba. Inuwa ta tsawaita a tsakar gida. Da haske ya fara ja baya, Zinariya ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce da ta sha kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma an riga an ƙona mu."

"Wace ce ke, me kike nema a jikin yarinya?"

"Gindin katangar nan gidanmu ne tun ba a yi katangar ba. Da uban yarinyar nan ya ambaci sunan Allah da mun kauce. Ɗana yana kwance ya sheƙa masa ruwa mai guba a fuska. Idanunsa sun rufe. Ni nake shigar da shi motar in kunna fitila, ko zai juyo wajen haske. Har yau bai juyo ba."

Lawal ya durƙusa. Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Matarka ta faɗa maka."

Malam ya ce kuskure ne, kuma ba a ɗaukar rai a kan kuskure, balle ran wadda ba ta zuba ruwan ba. Ya ci gaba da karatu, ta yi ta kururuwa, amma ba ta saki ba. Sai da aka yi kiran salla a masallacin unguwa sannan ta sassauta.

"Na bar masa ranta. A bar mini motar inda take, kada ta motsa, kada fitila ta rasa wuta. In ɗana ya gani, mun tafi ke nan. In ya mutu a cikin duhu, 'yarsa ma za ta san duhu."

Malam ya nemi ta janye wannan, ta ƙi. Zinariya ta yi atishawa, ta faɗi a jikin uwarta, ta nemi ruwa da muryarta ta gaskiya. Da Lawal ya raka Malam bakin hanya ya tambaye shi ko an gama. Dattijon ya ce, "Na fitar da ita daga jikin yarinya. Daga zuciyar uwar yaron ban iya fitar da komai ba. Ku yi ta addu'a."

Lawal ya koma lodin buhuna a tasha. Kullum da safe ya ɗauki mataccen batir a kafaɗa ya kai wa Sabiru caji, da la'asar ya mayar. Ƙafafun motar suka sace, kaji suka yi makwanci a ƙarƙashinta. Mutumin da a da yake zagin batir in ya mutu, yanzu shi ne yake hamdala duk safiyar da ya tarar da shi a mace, don ya san yaron yana nan da rai.

Wata safiya bayan an yi girbi, ya murɗa makulli kamar yadda ya saba don ya tabbatar. Injin ya amsa nan take. Batir a cike yake, ba wanda ya kunna fitila. Lawal ya zauna riƙe da sitiyari yana gaya wa kansa cewa yaron ya warke ne, sun tafi. Ya kashe motar ya shiga gida.

Hantsi ya cika tsakar gida. Shatu tana tsaye da tsintsiya a hannu, ba ta shara. Zinariya tana bakin ƙofar ɗaki, idanunta a buɗe, tana lalubar bango.

"Inna, wa ya tayar da mota da tsakar dare haka? Ki kunna mini fitila, ba na ganin takalmina."