Kunyar 'Yar Fari

Shafa'atu tana durƙushe a tsakar gidansu da ke Aliero, tana goge farar rigar makaranta da dutsen guga na gawayi. Kakarta Tani tana bisa tabarma, hannu yana tsinkar zogale, baki yana tsinkar jikarta.

"Goge ta da kyau, likita. Kada a ce garin ga ya saida albasa ya sayi yamutsattsiyar riga."

Tsohuwa ba ƙarya ta yi ba. Bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, mutanen unguwarsu sun kafa ƙungiyar taimakon kai, suka yi gayya suka buga bulo, suka gina ɗakin shan magani. Aka kawo ma'aikaci namiji, Malam Yusufu, mutumin kirki, amma mata suka ce ko ƙafa ba za su nuna masa ba. Sai ya wuni yana korar awaki daga baranda. Da ƙungiya ta ga haka ta sake zama, aka ce kowane manomi ya ware komi ɗaya, wato fangali guda na albasa, a fadama, abin da aka samu a tura 'yan mata makarantar koyon aikin lafiya ta Jega. Shafa'atu ce ta farko da aka tura.

Hon ɗin mota ya tashi a ƙofar gida. Waliyyu ne, direban a-kori-kura mai kai albasa kasuwa, wanda danginsa suka riga suka kawo goron neman aurenta. Ta yafa mayafi ta fita zaure, Tani ta bi ta da kujerarta a hannu.

"Tun kana shan kwana na ji warinka," in ji tsohuwa. "Angon da ba ya buƙatar turare."

Yau Waliyyu bai rama ba. Ya gaishe ta, ya zauna yana murza makullin mota.

"Baba yac ce in hwaɗa miki. Da an gama kwasar albasa, ko ki aje makaranta a ɗaura aure, ko a maida mishi goronai."

"Goron da munka cinye?" Tani ta buɗe baki ta nuna dasashinta. "Shi zo shi ciro abinai."

Babu wanda ya yi dariya. Mahaifin Waliyyu, Malam Hayatu, mai ɗori ne da ake zuwa wurinsa daga nesa da karyayyun ƙafafu, kuma ya daɗe yana cewa aikin asibiti bai wuce yanke abin da shi zai iya haɗawa ba.

"Waliyyu," Shafa'atu ta ce a hankali, "ba babana ya kai ni Jega ba. Har wanda ba shi da jaki ya ba da kominsa. In na aje yanzu, ba za a ƙara tura ɗiyar kowa ba. Za a ce an gwada, ta gudu ta yi aure."

"To ni hwa? Ni ba ɗan garin ba ne?"

"Saura firatikal kawai, aikin gwaji a asibiti. Ka roƙe shi ya yi haƙuri."

"Wa zai roƙe shi? Gidan ma ba daɗi. Yaya Zuhura tun jiya ba ta hito ɗaki ba. An aje mata tuwo a bakin ƙofa, an ɗauke shi yadda anka aje."

Shafa'atu ta ɗago kai. Ta san Zuhura, yayar Waliyyu, wadda aka kai aure Maiyama. Ta yi shekaru ba haihuwa, sai bana Allah ya ba ta ciki, ta dawo gidan iyayenta goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

"Innarku ta shiga ta duba ta?"

"Inna? Ɗakin ɗiyar fari?"

Nan gizo ke saƙa. Zuhura ce 'yar farin gidan, kuma tun da aka haife ta uwa da uba ba su taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" suke ce mata, ko "yarinyar nan". Ba sa tambayar lafiyarta a gaban mutane, ba sa zama inda take. Ita ma wannan ce haihuwarta ta farko, kunya ba za ta bar ta ta ce wa uwarta naƙuda ta zo ba.

"An kira ungozoma?" in ji Shafa'atu.

"Ungozoma sai an ji kukan jinjiri, ta zo ta yanke cibi," in ji Tani. "Haka munka yi mu duka. Mace ta durƙusa ita kaɗai, ta haɗiye muryatta."

"Tun jiya, Kaka. Wannan imajansi ne."

Ta miƙe. Tsohuwar da ke wasa tun safe ta damƙe wuyan hannunta, babu sauran wasa a fuskarta.

"Ke. Gidan surukai ne. Ba a kai ki ba, ki kai kanki? In kin taka zauren nan, aurenki kika taka."

Shafa'atu ta dubi kakarta, ta dubi Waliyyu. Idonta ya cika da hawaye.

"Tada mota," ta ce.

Zauren Malam Hayatu cike yake da maza, wannan da kara ɗaure a ƙafa, wancan da hannu rataye a wuya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi sallama a ciki-ciki, ta ratsa su ta wuce. Hirar zauren ta yanke.

A tsakar gida Inna Kubura, uwar Waliyyu, tana tankaɗe, ta ba ɗakin Zuhura baya. Garin da ke cikin rariyar ya daɗe da ƙarewa, amma tana ta kaɗa ta, hawaye suna ɗiga a kan faifai. Da ta ga wadda ta shigo sai ta saki baki.

Shafa'atu ta ɗan rusuna ta faɗa ɗakin. Zuhura tana durƙushe a bayan gado, ta cusa gefen zani a baki, leɓenta ya tsage don cizo. Jikinta zafi rau.

"Yaya, ni ce. Bari in duba."

"Kada Inna ta ji," Zuhura ta ce da ƙyar.

Shafa'atu ta durƙusa ta duba. Ɗan ya kwanta a gicciye, hannu ne ya fara fitowa. Ta san wannan ya fi ƙarfinta, ya fi ƙarfin Malam Yusufu. Sai tiyata a babban asibiti. Kuma ba mai fitar da mace daga gidan nan sai mai gida ya ce.

Ta fito ta durƙusa gaban Inna Kubura. "Inna, ki gaya wa Baba a kai ta asibiti yanzu."

Matar ta kawar da kai. "Ni in je zaure in yi maganar waccan? Da wane baki?"

Babu lokacin lallashi. Shafa'atu ta koma zaure, ta tsaya a gaban mutumin da ya kamata ta canza hanya in ta hango shi. 

"Baba, ka yahe mini. Zuhura, ɗiyarka, za ta mutu in ba a kai ta asibiti ba."

Wani mai karyayyar ƙafa ya manta da ƙafarsa ya yunƙura zai tashi. Ba a taɓa jin an haɗa wannan suna da kunnen Malam Hayatu a zaurensa ba. Hannun dattijon ya tsaya cak a kan tsumman da yake ɗaurewa. Bai dube ta ba.

"Wagga ɗiyar gidan wa ce?"

Maza suka juya suka dubi Waliyyu.

"Waliyyu. Hitar mini da ita."

Waliyyu ya zube a ƙasa, gumi yana tsiyaya daga hularsa. "Baba, zan hitar da ita. Amma da Yaya zan hitar da su."

Malam Hayatu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaurinsa. Waliyyu ya ɗauki shirun nan a matsayin izini, ya fita ya dinga turo buhunan albasa daga bayan mota suna fashewa a ƙasa. Aka shimfiɗa katifa. Maƙwabta mata suka kamo Zuhura. Mota tana shirin tashi sai ga Inna Kubura ta fito ba takalmi, ta hau baya, ta ɗora kan 'yarta a cinyarta.

Suka tsaya a ɗakin shan magani, Malam Yusufu ya sa mata ƙarin ruwa, ya ɗauko jarkar fetur da ƙungiya ke ajiyewa don irin wannan rana. Daga nan Waliyyu ya taka mota kamar ba tasa ba.

An ceto Zuhura. Ɗan bai zo da rai ba. Likita ya ce da tun jiya aka kawo ta, da labarin ya bambanta.

Amma a gari ba haka aka ba da labarin ba. Cewa aka yi yarinya marar kunya ta kutsa gidan surukai, ta tsaya ido da ido da dattijo, ta ɗauki 'yar mutane ta kai an yanka, jinjiri ya mutu. Kafin mako ya zagayo Malam Hayatu ya aiko a mayar da goro. Malam Usmanu, mahaifin Shafa'atu, ya sayi sabo ya aika, ya shiga gida ya ce mata, "Ban ce kin yi laihi ba. Amma kin ja mini magana."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tani ta zauna kusa da ita, a karon farko ta rasa abin tsokana.

Waliyyu bai saɓa wa ubansa ba. Ya daina zuwa zance. Sai dai duk sanda ya biyo ta ƙofar gidansu motar takan kamu da wata cuta, ta rage gudu har kaza ta wuce ta. An nuna masa 'yan mata a Kimba, an nuna masa a Karaye, kowacce sai ya ce, "Baba, wagga ba za ta iya da warin albasa ba."

A ƙungiya kuwa wasu suka ce a tsayar da ba da komi, tunda abin da karatu ke koyarwa ke nan. Zuhura ce ta tare wannan. Da ta warke, duk gidan suna da gidan biki sai ta zauna cikin mata ta faɗi abin da ya same ta a bayan gado, da abin da likita ya ce. Matan unguwa suka haɗa baki. Rannan magidanta suka sa hannu a tuwo suka ji miya salam, babu ko ɓawon albasa, a garin da albasa ke ruɓewa a bakin titi. Wanda ya tambaya sai a ce masa, "Ai mun ji kun hana komi, mun zaci albasa ta yi wuya." Ba a daɗe ana shan wannan miya ba aka mayar da komi, har aka ƙara tura 'yan mata biyu.

Shafa'atu ta gama makaranta, ta kama aiki a ɗakin shan magani, mata suka fara zuwa awo. Cikinsu har da Zuhura, da sabon ciki. Da lokaci ya matso, Shafa'atu ta ce wadda aka taɓa yi wa tiyata ba ta jiran naƙuda a gida. Mijin Zuhura ya yarda, Shafa'atu ta raka ta babban asibiti da kanta. Aka ciro ɗiya mace, mai ƙara kamar an mintsine ta.

Da hantsi Shafa'atu tana tsaye a bakin ɗakin masu jego tare da nas mai tsaron ƙofa, sai ga dattijo da babbar riga yana tafe yana dube-dube kamar wanda ya shigo kasuwar da bai sani ba. Malam Hayatu ne. Waliyyu yana can baya ya laɓe a jikin ginshiƙi.

"Wa kake nema, Baba?" in ji nas ɗin, baƙuwa ce a ƙasar.

"Waccan... yarinyar da anka kawo daga Aliero."

"Mata da yawa daga Aliero. Sunanta?"

Ya juya ya dubi Shafa'atu don ta cece shi. Ta buɗe baki, sai ta tuna wanda ke gabanta. Ta ja mayafi ta kafa idonta a ƙasa.

"Baba, ba suna ba shiga," in ji nas.

Dattijon ya gyara hula. Ya yi gyaran murya. Ya sake gyara hular.

"Zuhura," ya ce. "Zuhura Hayatu. Ɗiyata ce. Tana lahiya?"

Daga cikin ɗaki aka ji kukan babbar mace ya haɗu da na jaririya. Zuhura ta ji.

Ya jima a ciki. Da ya fito idonsa ja, ya tsaya bai fuskanci Shafa'atu ba, ya yi kamar da bango yake magana.

"Ranar da ba a so ki yi magana, kin yi. Yau da nike neman bakinki, kin tuna kunya." Ya share fuska da hannun riga. "Da ba ki shigo zaurena ba, da na rufe ta ban taɓa kiran sunanta ba. Ki ce ma Usmanu ina tahe da mutanena. Aikinki kuma ki riƙe." Ya yi taku biyu ya tsaya. "Kuma ki bar tsayawa inda nike. Ba a yi ma suruki haka."

Shafa'atu ta ruga bayan ƙofa ta ɓuya, tana dariya tana kuka. Waliyyu kuwa ya rungume ginshiƙin asibiti, har mai shara ya tambaye shi ko shi ma a ba shi gado.

An ɗaura aure bayan arba'in ɗin Zuhura. Amarya ta tare, da safe ta sa farar riga ta tafi aiki, ta bi ta ƙofar baya don kada ta haɗu da surukinta.

'Yan'uwa, kunya abu ne mai kyau, kuma iyayenmu ba su yi kuskure da suka koya mana ita ba. Amma in rai yana hannun Allah yana hannun mutane, a aje ta a buɗe baki, a ɗauke ta daga baya. Wanda kuma ya yi abin da ya dace aka juya masa baya, ya yi haƙuri ya ci gaba da aikinsa. Allah ba ya mantawa da shi.