Kimtsau a Ɗakin Inna Tabawa

Da hantsi ya ɗaga, Kimtsau ya fara aikinsa. Bango ya yi ɗan ƙugi, zanen gado ya miƙe da kansa fari fat, matasai suka jeru, labule ya sauka daidai da daɓe. Daɓen ya buɗe siririn baki ya haɗiye ɓawon goro da wani ƙyalle, sannan ɗakin ya fesa ƙamshin da ba na kowa ba. Inna Tabawa na rakuɓe a bakin ƙofa, ta naɗe ƙafafu kada ta ɓata wa mutane wuri.

Kimtsau na'ura ce da aka ƙera don otal. Bango da gado da kujeru duk na ƙwayoyin ƙira ne, ƙanana kamar gero, masu wargajewa su sake haɗuwa bisa hoton da ke ƙwaƙwalwar gini. Abin da ba ya cikin hoton, a wurin na'urar shara ce da baƙon jiya ya bari.

Ɗan Inna Tabawa, Tasi'u, ya daɗe yana gyaran lantarki a wani babban otal na Sabuwar Gusau, kuma tun tuni idonsa ya rufe a kan fitilar gefen gado da dogon madubi da bango mai launin toka. Da aka ce za a sa wa benayen unguwa irin na'urar, shi ya fara ɗaga hannu. A lokacin Inna na asibiti, ga mantuwa ta fara cin ta. Ɗakinta kuwa, a ganinsa, tarkace ne: jeren kwalla da samira har rufi, gado mai rumfa, bangon da hayaƙin turare ya dafe. Ya zaɓi hoton da kansa, yana ta murna zai ba ta mamaki. Safiya ɗaya Kimtsau ya lashe komai.

Ya kuwa ba ta mamakin. Da ta dawo daga asibiti, ta yi sallama a ƙofar ɗakinta, ta tsaya jiran a amsa.

Tun daga ranar ta zama baƙuwa, kuma baƙuwa mai kunya. Ba ta hawa gadon, wai kada ta yi wa masu masauki datti. Abinci sai ta tsakura ta rufe, don ba a cinye kwano a gidan mutane. Likita ya gaya wa Tasi'u cewa kwanonin nan da ya raina su ne ke gaya mata inda take in ta farka. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ya sani.

Ya bi kasuwar tsofaffin kaya ya samo kwalla, ya jera mata. Ta shafa su, fuskarta ta saki, ranar har da waƙar daka. Washegari daɓe ya haɗiye su. Ya ɗaure wasu da waya a bango, bangon ya narke ya tofar da wayar. Ya mayar da ita nasa ɗakin, amma can ma tokar ce da madubin, domin gidan duka ya ba wa Kimtsau. Duk unguwar ta bi sahunsa, babu ɗakin da zai aro.

Ya je wurin injiniyar ginin, wata mai suna Asabe, ya roƙe ta ta kashe na'urar. Ta ce ƙwayoyin da ke gyara gado su ne ke riƙe da hawa na sama, in an tsayar da su benen zai zauna a kan mutane. Hoton kuma ba ya sauyuwa, haka masu otal suka so shi, don kada baƙo ya sauya musu ɗaki.

"Malam Tasi'u, na'urar lafiyarta lau," in ji ta a hankali. "Abin da ka nema take yi."

Ya dawo gida. Ya tarar da Inna ta yafa mayafi, ta ƙulle carbinta da 'yan kayanta a ɗankwali, tana zaune a ƙasa. Ta rame, har wuyanta ya yi tsawo. Tausayinta ya kama shi, ya durƙusa ya ce mata nan ne gida, nan ta goye shi.

Ta dubi farin gadon, ta dube shi, ta rage murya kada masu wurin su ji.

"Sun yi mana karamci, Allah Ya saka musu. Amma jikina ya gaya mini na kusa, ɗan nan. Ka kai ni ɗakina. Kada ka bari in mutu a ɗakin mutane."

Tasi'u ya ce to, Inna. Ya karɓi ƙullin, ya riƙe hannunta, suka fita baranda. Nan ya tsaya, bai san ta ina zai bi da ita ba.