Sunan Gida a Taswira

A bakin wani kududdufi a unguwar Tayuri, inda baƙi 'yan ci-rani ke zaune a can ƙasar waje, Nuruddeen ya fara ganin Fourera. Yana cikin samarin da ke bin lungu-lungu da waya, suna sa alamar inda ruwa ke kwanciya a taswirar da kowa zai iya buɗewa a intanet, don kada ambaliya ta sake samun mutane ba shiri. Ita kuwa ta fito zubar da ruwan wanki.

"Malam, hoton taɓo kake ɗauka? A garinku babu ne?"

Bawan Allah, ya sauke wayar yana dariya. Amma bai bar lungun ba sai da lambarta.

Soyayya ta yi nisa, har wata rana ya tura mata: "Hasken idona, yau na sa gidanku a taswira, duniya ta san inda zuciyata take."

"Nurina, Allah Ya bar mu tare," ta amsa.

Kaico! Ya rubuta ne yadda aka saba a can gida, inda da sunan mai gida ake sanin gida: Gidan Malam Yahouza na Damagaram. Sam bai tuna cewa babu mai takardar zama a gidan ba.

Wata safiya wasu mutane suka zo da mota marar lamba, suna tambayar gidan da sunansa. Suka tafi da Amadou, yayan Fourera. Ko a taswirar suka gani, ko wani ne ya kai tsegumi, Allah kaɗai Ya sani.

"Mun tsufa muna ɓoye kanmu, kai ka zo ka nuna mu ga duniya," in ji Malam Yahouza, mahaifin Fourera. "Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Nan da nan Yousef, mai shago a unguwar Mahdiya, wanda takardunsa suke cikakku, ya fara aiko da gaisuwar neman auren Fourera.

Nuruddeen ya goge sunan, ya bi abokan aikinsa suka goge na kowa. Ya rame, ya yi baƙi. Duk inda aka ce ana tsare baƙi ya je, babu labarin Amadou.

"Fourera, na goge, amma gogewa ba ta dawo da mutum. In kin tsane ni, kin yi daidai."

"Ban tsane ka ba. Da zan iya, da na huta."

Ranar da hadari ya haɗo, ya zo da shebur, bai yi wa kowa sallama ba. Ya san ta inda ruwan zai biyo, ya haƙa masa hanya a bayan katangar su Fourera har hannunsa ya fashe. Gidan maƙwabta ya zube, nasu ya tsaya.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa daga ƙofa.

"Yaro, ban yafe maka ba tukuna. Amma yarinyar nan ta daina cin abinci. Na rasa ɗa, ba zan rasa 'ya ba. Turo manyanka."

An ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa, uwar amarya na kuka a ɗaki. Da Nuruddeen ya durƙusa gaban surukinsa, tsohon ya kau da kai, ya lalubo hannunsa ya riƙe gam.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "In kun samu namiji, ku sa masa Amadou."