Baƙin Mai a Gindin Lemo

A layin gidajen da ke bayan kasuwar Durumi a Abuja, kowa na da abin faɗa game da Manniru mai gyaran lambu. Masu gadi sukan ce idan ka gaishe shi da safe, sai ka jira azahar kafin ka ji ƙarshen amsar. Matan layin kuwa cewa suke ko sandar tsintsiya ya dasa sai ta yi ganye. Hajiyar gidan da ke kan kwana har rantsuwa ta yi, wai ta ji shi yana ba itacen gwaiba haƙuri kafin ya sare masa reshe.

Rumasa'u ta sha jin wannan kafin ta gan shi. Ranar da ta gan shi kuwa, durƙushe yake a gindin lemon mahaifiyarta, yana kankare ƙasar da gara ta ɗora wa itacen, a hankali kamar mai wanke wa jariri ciwo.

"Sannu da aiki. Zai rayu kuwa?"

Ya ɗago, ya yi sauri ya mayar da idonsa ƙasa.

"In Allah ya so, Hajiya. Ƙishi ne ya raunana shi, shi ya sa gara ta samu hanya."

"Ni ba Hajiya ba ce. Rumasa'u."

"To."

"To kawai?"

"To, Rumasa'u."

Ta koma ciki tana dariya, dariyar da ta manta tana da ita.

Mama ce ta dasa lemon shekarar da suka tare a gidan. Tun da ta rasu a daminar bara, Abba, wato Alhaji Zakariyya, bai sake zama a falo ba. Da ma ya yi ritaya daga ma'aikata. Kullum bayan la'asar sai ya ja kujera zuwa gindin itacen, ya zauna da carbi.

Haka rani ya yi ta tafiya. Manniru yakan taso daga Dutse Alhaji tun kafin motoci su cushe hanya. Ya koya mata ban ruwa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Ya hana a aske ciyawa har ƙasa a lokacin zafi, don kada rana ta ƙone saiwa. Ita kuma takan kawo masa shayi, ta zauna a kan bokiti tana zuba, shi yana saurare. Sai da ya girma ya shiga ajin manya ya koyi rubutu, saboda haka saƙonninsa na waya sukan zo a makare, kowace kalma a aune.

"Assalamu alaikum Ruma. Ki duba bayan ganyen lemo. Idan kin ga fari-fari kamar auduga, ƙwari ne, ki faɗa mini. Kuma ki ci abinci."

"Malam Shiru, tsakani da Allah, itacen ka fi so ko ni?"

Sai da ta gama girki amsa ta shigo.

"Itacen na san abin da zan ce masa. Ke ce nake rasawa."

Gwaggo Barira, ƙanwar Abba, ita ta kai masa maganar aurensu. Abba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce Nazeer ɗan amininsa ya riga ya nuna sha'awa, yaro mai ofis da mota.

"Amma ba zan yi mata dole ba. Yaron nan ya riƙe amanar itacen Hajiya. Bari mu ga damina."

Ana cikin haka aka kira Manniru gida Ƙauran Namoda, mahaifiyarsa ba lafiya. Kafin ya tafi ya ce mata ko gara ta dawo, ta kankare kawai, ta jira shi.

Gara ta dawo. Rumasa'u ta kankare da safe, kashegari ta tarar ta hau har mararrabar rassa. Ta kira wayarsa, ba ta shiga. Ta sake kira, shiru. Ta hango Abba yana shafa jikin itacen, jar ƙasa na zuba a tafinsa, sai hankalinta ya tashi.

Dominic mai gadi ya same ta tana hawaye.

"Anti, wannan gara ba ya jin magani fa. A garinmu baƙin mai muke ba shi. Akwai na janareta a baya, a haɗa da kananzir, finish."

Da hannunta ta zuba, ta zagaye gindin kaf, ta rufe da yashi. Gara ta ɓace. Ta yi barci mai daɗi a ranar.

Sai ganye ya fara nannaɗewa. Ya yi ruwan ɗorawa, ya shiga zuba, 'ya'yan da suka fara fitowa suka faɗi tun suna ƙanana. Ranar da Manniru ya dawo, rassa tsirara ya tarar, da Abba tsaye a ƙarƙashinsu.

"Wane irin magani ka zuba wa itacen nan kafin ka tafi?"

Manniru ya durƙusa, ya tura yatsu cikin yashin, ya ɗebo ƙasar ƙasa. Ya kai hanci. Rumasa'u na tsaye a ƙofar kicin, ta ga lokacin da ya dunƙule hannunsa ya ɓoye baƙin da ke ciki. Ya dube ta sau ɗaya. Ta kawar da kai. Can bakin geti Dominic ya sunkuyar da kai.

"A hannuna yake, Alhaji. Ba ni da abin cewa."

"Abu mai rai biyu Hajiya ta bar mini," in ji Abba. "Na ba ka ɗaya ka kashe, kana so in ba ka ɗayan? Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Da yamma ta tura masa saƙo.

"Ka sani, ko?"

"Na sani, Ruma. Abba ya rasa Mama, ya rasa itace. Idan ya yi fushi da ke, wa ya rage masa? Ni bare ne. Fushi da ni zai fi masa sauƙi."

Ta rubuta kalmar ban haƙuri, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. Gani take ta yi ƙanƙanta ƙwarai a cikin waya.

Damina ta sauka. Ciyawar gidan ta yi tsawo, tsutsa ta shige ta, ta ci fili-fili har ƙasa ta bayyana. Labari ya bi layi gida-gida, aka daina kiran Manniru aiki. Nazeer yakan zo ranar Asabar da kayan marmari a leda, mutum ne mai kirki, har ya ba da shawarar a tumɓuke kututturen a shimfiɗa siminti, kowa ya huta. Abba kuwa yana nan yana jan kujerarsa zuwa gindin busasshen itace, ko inuwa babu.

Rumasa'u ta rame. Kullum takan ce gobe za ta faɗa, goben ta zo ta ga yadda Abba yake karɓar kofi daga hannunta yana cewa "Allah ya yi miki albarka, uwata," sai ta fasa.

Wata Juma'a Gwaggo Barira ta shigo tana karkaɗe lema.

"Yaron nan naki na gan shi a hanyar Bwari yana karyar da tukwanen furanninsa. Wai gida zai koma, aiki ya ƙare masa a Abuja."

Rumasa'u ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. Ta fita ko takalmi babu, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa gaban kujerar Abba.

"Abba, ba Manniru ba ne. Ni ce. Baƙin mai na zuba da kananzir, don gara. Ya gani, ya rufa mini asiri."

Carbin ya tsaya. Ta jira tsawa, ba ta zo ba. Da ta ɗago, hawaye ne ke bin gemunsa.

"Mamanki ma haka za ta yi," ya ce can. "Ba ta iya ganin abu yana ciwo ta jira." Ya share fuska da hannun riga. "Ni kuwa na ci mutuncin ɗan mutane a banza. Ɗauko mini makullin mota."

Sun same shi a bakin hanya yana ɗaure almakashi da adda cikin buhu. Abba ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Kwance kayan nan, ɗana. Ka turo mini manyanka."

Kashegari Abba ya bi layin da ƙafa, gida-gida, yana faɗa wa kowa da bakinsa cewa hannun Manniru bai kashe komai ba. Shi ya kira Nazeer ya yi masa bayani.

Bayan ɗaukewar ruwa aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro mai yawa. Abba ya ɗora hannu a kanta, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba. Kafin magariba Gwaggo Barira ta raka ta Dutse Alhaji, ta yi mata nasiha, ta ja ƙofa.

Manniru ya shigo da sallama, ya zauna nesa kaɗan, yana juya hularsa a hannu. Tun ranar nan bai taɓa tayar mata da maganar itacen ba.

"Ruma, kin sha ruwa kuwa?"

Ta yaye mayafin daga fuskarta, ta dube shi sosai.

"Kai za ka saurara, ni zan faɗa, kuma kada ka ce ba komai. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallo aka kore ka. Na bar ka da laifina damina guda. Manniru, na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."