Lahadin da Iveren Ta Miƙe

"Sake faɗa, ban ji ba."

Iveren ta ji sarai. Ta zauna a kan turmin sakwara da ke kife a gindin lemo, bayan gidansu a Gboko.

Terkimbi, saurayin da gobe za a karanta sanarwar aurensu ta ƙarshe a coci, bai ɗago kai ba.

"Zuciyata ba ta taɓa karkata ga mace ba, Ive... Tun ina yaro maza take so."

Ya ci gaba.

"Na yi azumi har na kamu da gyambon ciki. Na hau dutsen addu'a, an ɗora mini hannu, an zuba mini mai a ka. Da na gaji na gaya wa Kawu Aondona, tunda dattijon coci ne. Ya ce in yi aure, da zarar mace ta shigo ɗakina abin zai tafi."

Ta yi wata dariya marar sauti.

"Ashe magani ce ni. Safe da yamma, bayan an ci abinci."

"Ina ƙaunarki, Allah shaidata!"

"Kamar ƙanwarka."

Bai musa ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Ban zaɓi abin nan ba, Ive. Wa zai zaɓi abin da in an ambace shi a wa'azi kowa ke tofar da yawu?"

"Na yarda. Wannan tsakaninka ne da wanda ya halicce ka, ni ba alƙali ba ce. Amma shirun da ka yi mini kai ka zaɓe shi, masoyi. Ranar da iyayenka suka zo gaisuwa, da bakinka. Ranar da muka je wajen masaƙi zaɓen kayan biki, da bakinka. Me ya sa sai yau?"

"Nguveren ta sani. Ta laɓe ta ji Kawu yana mini addu'a a ɗakin dattawa. Ta ce gobe in fasto ya tambaya ko akwai mai magana, za ta miƙe."

Nguveren, mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, wadda ta daɗe tana kai wa mahaifiyarsa miyar genger don neman shiga.

"Wato tsoro ne ya kawo ka, ba ni ba."

"Duka biyun..."

Iveren ta rufe ido. Ba ta manta yadda samari suka ja wani tela a ƙasa a unguwarsu ba, kan irin wannan zance da ba a ma tabbatar ba. Har yau ɗingishi yake.

"Tafi gida," ta ce. "Na gaji."

Washegari coci ya cika. Mahaifinta na zaune a layin dattawa cikin rigarsa mai ratsin baƙi da fari, mahaifiyarta tsakiyar matan zumunta sai fara'a take. Fasto ya gyara tabarau ya karanto sunayensu.

"Wannan ce sanarwa ta uku. Duk wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa su, ya faɗa yanzu."

Iveren ta ga Nguveren ta ajiye littafin waƙa, ta gyara zani, ta dafa benci.

Iveren ta riga ta miƙewa.

"Ni ce, Fasto. Na fasa."

Coci ya kaure.

"Iveren! Zauna!" mahaifinta ya daka tsawa.

Fasto ya ɗaga hannu. "'Yata, aure ba wasa ba ne. Ya yi miki wani abu?"

Ta dubi Terkimbi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓensa na motsi.

"Ni ce ba na so. Kai ka koya mana cewa Allah da kansa ba ya jan mutum da igiya, ya bar masa zaɓi. To na zaɓa."

Fasto ya ninke takardar sanarwar. Sannan ya ce, "In babu amarya, babu sanarwa. A kawo waƙar tara sadaka."

Babu sauran tambayar da Nguveren za ta amsa. Dole ta ja waƙa.

A bakin ƙofa ta sha gaban Iveren.

"Kin ɗauka kin rufe mini baki ke nan, waliyyiya?"

"Waiga ki ga yadda matan zumunta ke hararki. Sun riga sun gama cewa miyarki ce ta raba mu. Faɗi abin da kike so, 'yar'uwa, a ga mai yarda da ke."

Nguveren ta waiga. Ta ja tsaki ta wuce.

Ranar Talata Terkimbi ya zo gindin lemon da jaka a kafaɗa. Ya samu aiki wajen wani ɗan'uwa a Fatakwal.

"Kin ɗauki zunubina, Ive."

"A'a. Wannan aikin akwai wanda ya riga ya yi shi a kan gicciye. Kunya kawai na ɗauka, ita ma ta ishe ni. Baba ba ya amsa gaisuwata."

"Me zan yi miki?"

"Kada ka sake mai da 'yar mutane magani. Ko Kawu ya ce, ko fasto ya ce."

"Na yi alkawari."

"Kuma ka riƙa cin abinci. Cikin nan naka..."

Ta kau da kai. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya juya.

Ta ɗaga turmin, ta zuba doya, ta fara daka. Taɓarya ta yi mata nauyi.

Mahaifiyarta, wadda tun Lahadi ba ta ce mata uffan ba, ta fito ta tsaya a kanta.

"Kina sonsa?"

"Har yanzu, Mama."

"To me ya sa?"

Iveren ta girgiza kai kawai, hawaye na ɗiga gefen turmi.

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi hanyar da yaron ya bi. Ba ta sake tambaya ba.

"Kawo taɓaryar," ta ce. "Kina ɓata mini sakwara da gishiri."