Tagar Ɗakin Umma

"Ki goge shi."

Yaya Babba ko zama bai yi ba. A bakin ƙofar falo ya tsaya, mukullin mota a hannu, ya juyo da fuskar wayarsa saitin idon Auta. Zanen da ta ɗora jiya ne a intanet: hannun Umma riƙe da cokali a juye.

Auta ta ce ai babu fuska a ciki, babu suna, hannu ne kawai. Ya ce hannun uwarsa ko cikin dubu aka sa zai gane shi, matarsa ma ta gane, ita ce ta turo masa. A wurinsa wannan tonon asirin gida ne, a ce duniya ta san mahaifiyarsu ta manta yadda ake riƙe cokali.

"Yaya, mutanen nan ba su san mu ba..."

"Ni na san mu. Ki goge."

Bai leƙa ɗakin Umma ba ranar. Ya ce sauri yake yi, kuma ganinta a haka yana karya masa zuciya. Auta ta bi motarsa da kallo har ta sha kwana, tana tambayar kanta ita tata zuciyar da me aka yi ta.

Su uku Umma ta haifa. Yaya Babba yana can ƙarshen gari da iyalinsa. Yaya Nas tana wani gari mai nisa, tana fama da aikin asibiti da ƙananan yara. Sai Auta, wadda ta samu aikin koyar da zane a wata makaranta daidai lokacin da Umma ta fara ajiye takalmi a cikin firiji. Aka ce ta ɗan zauna da ita tukuna, a ga yadda hali zai yi.

Hali bai yi ba. Shekaru suka yi ta wucewa, mantuwa ta yi ta cin Umma kamar gara. Ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta Baba ya rasu. Duk mai aikin da aka kawo sai ta yi mata ihun ɓarauniya. Ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai na Auta, ita ma ba da sunanta take kiranta ba. "Inna" take ce mata, kamar ita ta haife ta. Tun ranar da aka tsinci Umma a tashar mota tana tambayar mutane ko sun ga mijinta, ƙofar gida ta zama a kulle, mukullin yana rataye a wuyan Auta. Ko shagon bakin layi za ta je, da gudu take zuwa, da gudu take dawowa.

Waje ɗaya ne take shaƙar iska: zauren. Wani shafi ne a intanet inda kowa yake da ɗan kundinsa, yana rubuta yadda ya wuni da abin da hannunsa ke yi. Akwai malamar lissafi da ke saƙa wa jikarta rigar sanyi, kullum tana warwarewa, har jikar ta fi ƙarfin rigar. Akwai direban da ke koyon rubuta waƙa, amsa-amo yana guje masa. Akwai wadda ta shuka tumatir a bokiti, duk furen da ya fito sai ta sanar kamar an yi haihuwa. Auta kuwa Mai Taga ake kiranta, don ba ta zana komai sai abin da take gani daga ɗakin Umma: igiyar shanya, bayan wani gini, magen maƙwabta, wani lokaci tagar kanta.

A ƙarƙashin zanen tagar ne ya fara yi mata magana. Kowa yana ta yabon inuwa da haske, shi sai ya rubuta: "Zane ya yi kyau. Amma ƙarfen da ke riƙe da tagar nan ta ƙasa ya kusa cirewa, a gyara kafin iska ta gyara muku."

Ta duba, gaskiya ne. Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, har Umma ta taya ta ba tare da ta san dalili ba.

Kafinta ne, haka ma ake kiransa a zauren. Kundinsa duk hotunan kujeru ne da ba a gama ba, da 'yan layuka kan katakon da ya ƙi ba shi haɗin kai. Daga tsokaci suka koma saƙo, daga saƙo suka koma kira, lokacin barcin ranar Umma. Yakan jingina waya a kan tebur ya ci gaba da goge katako, ita tana zane, wani lokaci ba mai cewa komai. Ba ta san ranar da shirun nan ya zame mata abinci ba.

To ranar da Yaya Babba ya zo, ta goge zanen. Ba ta sake ɗora komai ba. Malamar lissafi ta yi ta cigiya, mai tumatir ta ce ko lafiya. Auta tana gani, ta kasa amsawa. Ɗakin da take ganin ya yi mata ƙanƙanta sai ya ƙara matsewa.

Da Kafinta ya kira, ta so ta ce masa ba komai, sai kuka ya riga ta. Ya saurara har ta gama, sannan ya tambaye ta lambar gidan.

Tafiyar rabin wuni ce daga garinsu. Ya iso da jakar kayan aiki a kafaɗa, ya fi yadda take zato tsawo, kuma ya fi ta jin kunya. Ya gyara tagar. Ya kafa wa Umma katakon dafawa daga gado zuwa banɗaki. Auta tana tsaye tana jiran ihun ɓarawo. Umma ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo.

"Inna, an ba baƙon nan abinci kuwa?"

Kafin ya tafi ya faɗa mata abin da ke ransa, idonsa a kan takalminsa. Ya ce shi bai iya tsara magana ba, abin da ya sani shi ne idan wayarsa ta yi ƙara ba ita ba ce, haushi yake ji. Yana son ya aure ta.

Aka yi zaman iyali, Yaya Nas ta cikin waya. Babu wanda ya ce ba ya so. Yaya Babba ya ce ya bincika, mutumin kirki ne, ba shi da abin faɗa. Yaya Nas ta yi ta kuka tana cewa da tana kusa da ta karɓi jinyar, amma ga aiki, ga yara, ga shi Umma ba ta ma yarda da ita. Daga ƙarshe dai magana ta tsaya a kan a ɗan jira.

"A jira me, Yaya?" in ji Auta.

Yaya Babba ya hau juya mukullinsa. A cikin waya ma kukan ya tsaya. Kowa ya san amsar, babu mai bakin faɗa.

Kafinta ya ce to a gwada kai Umma gidansa, in ta zauna shi ke nan. Ya ware mata ɗaki, ya shafa masa fenti irin na ɗakinta, ya ajiye gado kusa da taga yadda ya gani a zane-zanen Auta. Yaya Babba ya kai su da kansa. A mota Umma lafiya lau, har tana nuna bishiyoyi. Amma tana taka ƙofar gidan sai ta ja da baya.

"Inna, kai ni gida. Za a neme ni."

Auta ta lallashe ta, ta nuna mata gadon, ta nuna mata bargonta da suka taho da shi. Ina! Ta ƙi ci, ta ƙi sha, ko daga hannun Auta. Ta yi ta dukan ƙofa har bayan hannunta ya kumbura, tana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. Likitan da aka kira ya ce su mayar da ita inda ta sani, tun kafin abin ya fi haka.

Da suka dawo, Umma ta shafa bangon ɗakinta, ta hau gado, ta yi barci kamar jaririya. Auta ta zauna a ƙasa tana shafa mata magani a hannu, hawaye yana ɗiga a kan maganin.

Kafinta ya biyo su a motar haya. A tsakar gida ta same shi, ta ce masa ya tafi. Ya ce zai jira, ko shekara nawa ne.

"Ka san abin da kake cewa za ka jira?" in ji ta. "In na ce ka jira ni, mutuwar uwata na ce ka jira. Ni ma sai in fara jira... Jiya tana dukan ƙofar gidanka, wani abu ya gifta a raina, na tsani kaina. Ina sonka, wallahi ina sonka, amma ba zan iya kallon numfashinta ina tunanin aurena ba. Don Allah ka tafi."

Idonsa ya kaɗa. Ya ɗauki jakarsa ya fita, ta kulle ƙofa a bayansa.

Kwanaki suka koma yadda suke, har ma suka fi nauyi. Wanka, wanki, magani, cokali. Barcin ranar Umma ya zama lokacin da ta fi tsoro, don waya ba ta ƙara. Fensirorinta suka yi ƙura. Takan leƙa zauren a ɓoye. Tumatir ya nuna, direba ya samu amsa-amo, amma kundin Kafinta shiru.

Sai wata rana ya ɗora hoto: shagonsa fayau, babu katako ko ɗaya. Ya rubuta, "Na gama da nan." Mutane suna ta yi masa fatan alheri. Auta ta kife wayar, ta ce a ranta ai ita ta kore shi, duk inda ya nufa Allah ya ba shi wadda za ta iya fita ƙofa.

Da hantsi bayan 'yan kwanaki, tana tsefe wa Umma kai, ta ji babbar mota ta tsaya a layin. Ta leƙa. Ana sauke katako da injin yanka a gaban tsohon shagon da ya daɗe a rufe, can tsallaken titi. Mutumin da ke nuna inda za a ajiye ya juyo.

Ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofa ba. Ya tsallako, ya tsaya nesa kaɗan, duk jikinsa ƙura.

Ya ce ya bar masu sayen kayansa na shekara da shekaru, a nan ko mutum ɗaya da zai kawo masa gyaran kujera bai sani ba. Kawunsa ya ce ya zama mijin-ta-ce tun ba a ɗaura ba, abokansa suna ta yi masa dariya. Ya ce duk ya ji, kuma ya yi tunanin maganarta har ya gaji.

"Kin yi gaskiya, Mai Tagata. Jira mugun abu ne. Don haka ban zo jira ba. In kin yarda, na zo a yi da ni."

"A gidan nan? Ba za ka iya ba... ba ka san yadda yake ba."

"Ke ma ba ki sani ba kika fara."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Yaya Babba ya zo da yamma yana faɗa. Me mutane za su ce, namiji ya tare a gidan surukai? Auta ba ta taɓa mayar masa da magana ba a rayuwarta. Ranar ma ba ta ɗaga murya ba. Ta zare igiyar mukullin daga wuyanta, ta miƙa masa.

"To ga shi, Yaya. Ka zauna da ita, ni in bi mijina inda mutane ba za su yi magana ba."

Ya kalli mukullin, bai karɓa ba. Sannan ya wuce ta, ya shiga ɗakin Umma, ya zauna a bakin gado. Umma ta tambaye shi ko shi ne mai kawo wuta. Da ya fito idonsa jawur, ya ce a sa rana.

A falon aka yi komai, mutane kaɗan. Yaya Nas ta zo ta yi kwana biyu. Malamar lissafi ta aiko da mayafin da ta saƙa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Amarya ce da ba a kai ta ko'ina ba; daga ɗakinta ta koma ɗakin da ke kusa da shi.

Ƙofa dai tana nan a kulle. Umma tana nan tana raguwa. Akwai ranakun da Kafinta ke wuni a shago babu wanda ya leƙo, akwai ranakun da su biyun suke gajiya har su kasa yi wa juna magana. Auta ba ta koma koyarwa ba, ba ta kuma san ko za ta koma ba.

Amma kullum da safe, idan ya shigo ya ɗaga Umma ya zaunar da ita a kujera, sai ta bi shi da kallo, ta jawo hannun Auta, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, wane ne wannan?"

"Mijina ne, Umma."

Sai idon tsohuwar ya buɗe, fuskarta ta washe kamar yau ta fara ji, don a wurinta yau ɗin ta fara ji.

"Aure kika yi? Shi ne ba a gaya mini ba?" Sai ta miƙa masa hannu, ta riƙe nasa da nata wuri ɗaya. "Yaro, ka riƙe ta da kyau. Ta sha wahala, yarinyar nan."

Shi kuwa kullum sai ya durƙusa, ya amsa kamar bai taɓa amsawa ba.

"Na riƙe, Umma."