Na'urar da Ta Yi Shiru

"Ya ce ba ya son ganinki."

Yayar Malam ce ta faɗa, ta tare ƙofar falo da jikinta, hannu ɗaya a ƙugu.

Injiniya ta dube ta. Kwana uku ke nan wayar Malam a kashe, ga shi gobe ne Babanta ya amince zai gan shi, bayan wata biyar ana fama da shi a kan ba zai ba makaho 'yarsa ba. Kuma ya rantse in bai zo goben ba, kada a sake kawo masa maganar.

"Anti, don Allah... minti biyu kawai."

Ba ta jira amsa ba, ta raɓa ta gefenta ta shige.

Yana zaune bakin taga, fuskarsa ta faɗa. A cinyarsa ga 'yar na'urar sauraren waƙoƙin nan da ta haɗa su. Bara ya kawo ta shagonta na gyaran waya, yana ƙorafin komai nata a rubuce yake a gilashi, sai ya kira yayarsa kafin ya canza ko waƙa ɗaya. Ita ce ta ɗora mata wata manhaja ta daban, wadda masu sa kai suka ƙirƙira, mai karanta wa mutum duk abin da ya danna. Da muryar injin ta ƙi yi masa daɗi, sai ta yi sati biyu tana naɗar tata bayan ta rufe shago, kalma ɗari huɗu da 'yan kai. Ya sha tsokanarta cewa duk duniya ba wanda aka taɓa gaya wa batirinsa ya kusa ƙarewa da daɗi irin shi.

Tun kafin ta yi sallama ya gane takunta.

"Kin zo ki ga ko ta gogu da kyau?"

Ta tsaya cak. A hankali ya ce ai Yaya ta kai mata na'urar shago ranar Litinin, ta dawo da ita bebiya, da saƙon cewa Injiniya ta janye muryarta, Babanta ya fi ta gaskiya. Ya danna ya danna, shiru. Shi kuwa ba zai roƙi wadda ta gaji da shi ba.

Injiniya kuwa ko ƙeyar Anti ba ta gani a shago ba.

Ta durƙusa ta leƙa gilashin. Tsohuwar manhajar kamfani ce a kai. In an goge sabuwar gaba ɗaya, da me za ta wanke kanta? Maganarta ce kawai da ta yayar da ta raine shi. Sai ta tuna ranar da Anti ta tambaye ta, cikin fara'a, yadda za a yi in sabuwar ta lalace. Da bakinta ta koya mata: a kunna na'urar maɓallin kulle a rufe, tsohuwar za ta taso, kuma haka za ta zauna sai an tashe ta daga tushe.

Ba ta taɓa na'urar ba. Hannunsa ta kamo.

"Ba ni zan danna ba, kada a ce dabara na yi. Ga maɓallin tsakiya, ga na sama. Riƙe su tare, rabin raina... ƙirga goma."

Ya so ya janye, ta ƙi saki.

Ɗaya. Biyu. Gilashin ya yi baƙi.

Bakwai. Takwas.

Goma ta wuce. Shiru.

Ta rintse ido.

"Waƙoƙi," in ji muryarta daga cikin 'yar lasifikar da ke jone, siririya, har da 'yar murar da ta yi ranar naɗin.

Malam ya saki numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ya sake dannawa. "Littattafai." Ya sake. Hawaye ya gangaro masa, ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

"Yaya?"

Ba ta musa ba. Ta zame jikin bango ta zauna, tana kuka tana cewa shekara goma sha ɗaya ita ce idonsa. Da can kafin la'asar ya kira ta sau ashirin. Yanzu sai a wuni bai ce Yaya ba, wata 'yar akwati ta maye gurbinta, gobe kuma mai akwatin za ta ɗauke shi gaba ɗaya.

Injiniya ta buɗe baki za ta sauke fushin kwana uku.

"Batir ya kusa ƙarewa," in ji na'urar.

Dariya ta kuɓuce wa Malam cikin hawaye. Ya ƙara matse yatsun Injiniya, sannan ya miƙa ɗayan hannun gefen da kukan ke fitowa.

"Yaya, ina kika ajiye min caja? Kuma wace riga zan sa gobe? Kin san wannan abar ba ta san kala ba."

Anti ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙe.

"Shuɗiyar," ta ce. "Kawo ta in goge, kada ka je ka ba ni kunya a gaban surukai."